"Ba Ni Ba Ne, Ƙwaya Ce"

Wata gwauruwa ta ekklesiyarmu a nan Jos ta zo wurina ran wata Talata da sassafe, cikin sanyin hunturu, ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Bayan mun gaisa ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Malam, ina da tambaya, kada ka ɓoye mini. Ɗana ya ɗauki keken ɗinkina ya sayar. Da ƙanwarsa ta yi masa magana, ya mare ta har haƙori ya fita. Da gari ya waye ya durƙusa yana kuka, ya ce, Mama, ba ni ba ne, ƙwaya ce. To, Malam, wa zan gafarta wa? In shi ne ya yi, na san ɗana na ke gafarta wa. In kuwa ƙwaya ce, ai ba a gafarta wa ƙwaya."

Ban ba ta amsa a ranar ba, gama ba ni da ita. Yaron mai baftisma ne, shekararsa 21, dā yana cikin ƙungiyar mawaƙa, dattawan ekklesiya kuwa sun sa ranar da za su zauna a kan maganarsa. Tun kafin zaman sun rabu biyu. Wani dattijo, tsohon soja, ya ce ba wanda ya danne yaron ya ɗura masa, saboda haka a sa shi ƙarƙashin horo kamar kowane ɓarawo. Wani kuma, wanda ya yi shekaru yana aikin jinya, ya ce ciwo ne, ba a kuwa yi wa mai zazzaɓi horo domin jikinsa ya yi zafi. Tambayar gwauruwar nan ita ce tambayar dattawan, ita ce kuma tamu cikin wannan darasi: sa'anda abin maye ya shiga mutum ya aikata mugunta, alhakin a wuyan wa ya ke?

Aikina juya magana ne daga wani harshe zuwa wani, don haka na kan fara da kalmomi. Hausa tana da kalma biyu waɗanda a rubuce ba su da bambanci, sai karin murya ke raba su: maye na mai buguwa, da maye mai maita. An ce maye ya kan kama kurwar mutum, mutumin ya yi ta ramewa, bakinsa yana faɗin abin da ba shi ya nufa ba. Sa'anda yaron nan ya ce ba shi ba ne, irin wannan ƙara ya ke kawowa, watau wani ya kama kurwarsa ya yi aiki da hannunsa. Helenanci ma yana da irin wannan tagwayen ma'ana. Kalmar farmakon tana nufin abin warkarwa, tana kuma nufin guba, kamar yadda magani a Hausa ya haɗa na likita da na boka. Daga cikinta aka sami farmakeya, wadda Bulus ya lissafta cikin ayyukan jiki a Galatiyawa 5:20, mu kuwa mu kan juya ta da sihiri. Na ji masu wa'azi suna cewa ashe Bulus ƙwayoyin kemis ya ke nufi. Wannan ja wa aya wuya ne. Tsafi ya ke nufi. In muna so mu yi wa yaron shari'ar gaskiya, sai mu fara sanin abin da ƙwaya ta ke yi a cikin kai.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma a cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Wani likita ɗan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyin jijiya ba igiya ɗaya ba ce miƙaƙƙiya; kowace tana zaman kanta, tsakaninta da maƙwabciyarta akwai ɗan rata. To, ta yaya saƙo ya ke ƙetarewa? A 1921 Otto Loewi, a garin Graz na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu ya sa kowace cikin ruwan gishiri. Ya taɓa jijiyar ta fari da lantarki, bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma bugunta ya ragu, ba tare da an taɓa ta ba. Ashe jijiya ta kan saki wani sinadari, shi ne ɗan aiken da ke ƙetare ratar, kamar mai fito da ke kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. A can hayin kuwa akwai ƙofofi, kowace da irin ɗan aiken da ta ke buɗe wa.

Dukan abin da ke sa maye, ta waɗannan ƙofofi ya ke aiki. Ba ya kawo wani sabon iko daga waje. Jakadan ƙarya ne ɗauke da hatimin sarki: masu gadi suna ganin hatimi sai su buɗe.

Dubi kodin da tiramadol, wanda samari su ke kira tiramol. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka gano ƙofofin da mofin ya ke buɗewa cikin ƙwaƙwalwa. Masana suka yi mamaki, me ya sa jikin mutum zai kasance da ƙofa domin ƙaron wani tsiro? Bayan shekara biyu, a 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka sami amsa: jiki yana da nasa mofin, wanda ya ke saki a lokacin azaba. Shi ya sa mai haƙar kuza da dutse ya fāɗa wa a ƙafa ya kan iya fitowa daga rami kafin ya ji zafin sosai. Wannan jinƙai ne da Mahalicci ya ajiye a jikinmu, a kan awo. Kodin, in ya shiga, hanta ta kan juya wani kashi nasa ya zama mofin. Tiramadol, wanda wani kamfanin Jamus ya haɗa a 1962, yana buɗe ƙofofin nan, yana kuma hana a janye waɗansu 'yan aike biyu masu ta da jiki, shi ya sa mai shansa ya kan ji gajiya ta tafi, ƙarfi ya zo. Likitoci ba su yarda a wuce miligiram 400 a yini ba. Wanda hukuma ta yarda da shi a Nijeriya mai 50 ne da mai 100, amma wanda a ke sayarwa a ɓoye ya kan kai 225. Guda biyu kaɗai sun riga sun ƙetare iyaka, abin da ke biyo baya kuwa sau da yawa fāɗuwa ce irin ta farfaɗiya. Mafi muni, waɗannan magunguna suna danne wurin da ke umurtar numfashi, can ƙasan ƙwaƙwalwa wajen ƙeya. In aka haɗa su da giya ko ƙwayar barci, mutum ya kan kwanta numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Giya tata hanya dabam ce. Tana ƙarfafa 'yan aiken da ke ce wa jijiya ta kwanta, tana raunana waɗanda ke ce mata ta tashi. Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya sa mashayi ya ke surutu da rawa da neman faɗa? Dalili shi ne, cikin wuraren da ke fara yin barci akwai sashen da ke bayan goshi, wanda aikinsa auna magana kafin a faɗa, da tuna abin da zai biyo baya, da jin kunya. Mai gadi ne ya fara gyangyaɗi, awaki suka shiga gona. Masana sun fara lura da aikin wannan sashe tun daga labarin Phineas Gage, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda sandan ƙarfe ya huda kansa ta wajen goshi a 1848. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da dā natsattse ne ya koma mai zagi, marar haƙuri, ba ya tsayawa kan shawara. Ka lura kuma da wannan, ya mai karatu, gama yana da nauyi cikin shari'armu: sashen nan shi ne na ƙarshen nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Giya mai yawa kuma ta kan hana ƙwaƙwalwa rubuta abin da ke faruwa. Saboda haka in mashayi ya ce bai tuna abin da ya yi jiya ba, mai yiwuwa gaskiya ya ke faɗi.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Tabar wiwi tana da nata ƙofofi. Raphael Mechoulam a Isra'ila ya ware sinadarinta a 1964. Tana rikita tunawa da lissafin lokaci, waɗansu kuwa da suka fara ta tun suna yara suka yawaita, ta kan buɗe musu hanyar taɓin hankali. Zaƙami yana toshe ƙofar ainihin ɗan aiken da Loewi ya gano, shi ya sa baki ya kan bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta gudu, mutum ya yi ta magana da waɗanda ba su nan. Ba banza Hausawa suka sa wa irin wannan tsiro suna haukata-yaro ba. Goro da shayi ma suna cikin lissafin, ko da ya ke a can ƙarshen layi, gama suna toshe ƙofar ɗan aiken gajiya. Na faɗi wannan domin dattijon da ba ya iya buɗe taro sai da goro a kumatu ya yi shari'a da tawali'u.

Amma duk wannan bayanin daren maye ne kaɗai. Me ya sa mutum ya kan koma, bayan ya yi kuka ya yi alkawari? A 1954 James Olds da Peter Milner, a Jami'ar McGill ta Kanada, suka sa siririyar waya cikin wani lungu na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi wani ɗan ƙarfe wanda in ya taka, lantarki kaɗan zai taɓa wurin. Ɓeran ya yi ta takawa ba ji ba gani. Cikin gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye suna barin abinci domin wannan ƙarfe. Hanyar nan tana cikin kanmu mu ma, ɗan aikenta kuwa a ke kira dofamin. Aikinta na kirki ne: ita ke koya wa yaro ya koma ga nono, manomi ya koma gona. Abin maye ya kan cika ta da ambaliya wadda tuwo da gaisuwar aboki da waƙar sujada ba za su taɓa kawowa ba. Ƙwaƙwalwa kuwa, domin ta tsare kanta, sai ta rage ƙofofinta. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Abubuwan da dā su ke faranta rai kuma suka zama lami. Wani masani a Jami'ar Michigan, Kent Berridge, ya nuna cewa kwaɗayin abu dabam ne da jin daɗinsa, hanyoyinsu ma cikin kai ba ɗaya ba ne, ɗaya ta kan yi girma ɗaya tana shanyewa. Yaron ya faɗa mini wannan da bakinsa, shi da bai taɓa jin sunan Michigan ba. Ya ce, "Baba, tun bara ta daina yi mini daɗi. Amma in na bi ta bakin rumfar nan, sai in ga ƙafata ta juya." In kuma ya kwana biyu bai sha ba, sai hamma, da gumi, da zawo, da ciwon ƙashi, da rashin barci.

Wannan abu ba baƙo ba ne a bisa duwatsun nan. Burukutu tsohuwa ce, amma dā tana da lokacinta da masu ita, a wurin gayya da biki, a gaban dattawa. Turawan mulki sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasa mai ƙarfi a Arewa bisa ga yarjejeniyar Brussels ta 1890. Sai kuza ta tara dubban samari a barikoki, nesa da iyayensu, da kuɗi a hannu kowane mako. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal kuma a 1927. Abin da a ke sha domin taro ya zama abin da a ke sha domin gajiya. Yau ga goskolo a lungunan gari, wadda ba mai sanin abin da aka zuba cikinta. Ga kuma samarin da suka buɗe ido cikin rikicin 2001 da 2008 da 2010, waɗansunsu sun ga abin da ba ya barin mutum ya yi barci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairu 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol suka sha, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A watan Mayu 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan BBC ta nuna yadda a ke fatauci da shi. A nan Jos ne kuma Isidore Obot na Jami'ar Jos ya kafa cibiyar binciken shaye-shaye mai suna CRISA a 1990. Yaron gwauruwar nan a ramin kuza ya fara, yana da shekara 17, sa'anda wani babba a wurin aikin ya ba shi rabin ƙwaya saboda ciwon baya.

Yanzu bari mu koma ga shari'a. Maganar "ba ni ba ne" tsohuwa ce ƙwarai. Adamu ya tura laifi ga matar, matar ta tura ga maciji. Haruna, cikin Fitowa 32, ya ba da labarin ɗan maraƙin zinariya sai ka ce wuta ce ta ƙera shi da kanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar maganar. Amma ba daidai ba ne mu ce tun da Haruna ya yi ƙarya, yaron ma ƙarya ya ke yi, gama mun riga mun ga cewa da gaske mai gadin goshinsa barci ya ke yi a daren nan.

Wurin da ya taimake ni shi ne dokar sa mai tunkuyi, cikin Fitowa 21:28-29. In sa ya kashe mutum ba zato, ba a kama mai shi da laifi. In kuwa an san san da tunkuyi tun dā, an kuma gargaɗi mai shi, bai ɗaure shi ba, to, jinin yana wuyansa. Ka lura, mai san bai tunkuyi kowa ba, watakila ma barci ya ke yi sa'anda abin ya faru. Ba a tambaye shi abin da ya yi a sa'ar tunkuyi ba. An tambaye shi abin da ya yi da saninsa tun kafin sa'ar. Al'ummai ma sun gane wannan. Aristotle ya ba da labarin Pittakus na Mitilini, wanda ya kafa doka cewa mai laifi cikin maye a ƙara masa horo fiye da mai hankali. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda aka fara aiki da ita a 1960, ta yafe wa wanda aka ba abin maye ba da saninsa ba ko bisa tilas, ba ta yafe wa wanda ya sha da hannunsa ba. Ba wannan ne daren farko da yaron ya yi fushi cikin maye ba. Ya san sansa.

Akwai kuma shaida cewa maye ba ya share mutum ɗungum. Cikin 2 Sama'ila 11, Dauda ya shayar da Uriya har ya bugu, da nufin ya manta da abin da ya ƙudura ya tafi gida. Uriya ya bugu, amma bai tafi ba. A daren nan bugagge ya riƙe amana, sarki mai cikakken hankali yana ƙulla kisankai. Giya ta kan kwance igiya, amma abin da ke ɗaure a turken, na mai gida ne. Ban ce kowace maganar mashayi ita ce asirin zuciyarsa ba; mutum ya fi abin da ke fitowa sa'anda aka kwance shi, gama igiyar ma tasa ce. Amma hannun da ya mari yarinyar ba na wani ba ne.

Har yanzu kamar tsohon soja ke da gaskiya. Ga inda na rabu da shi. Yana zaton ikon zaɓi awonsa ɗaya ne kullum, kamar mudun hukuma, wanda yaron ya ke da shi yau daidai da wanda ya ke da shi kafin ya shiga rami. Ba haka ba ne. Ranar rabin ƙwaya ta fari ikonsa cikakke ne, amma saninsa kaɗan ne: yaro ne, bayansa na ciwo, babba ya miƙa masa. Yau saninsa cikakke ne, ikonsa ya ƙanƙance. In ka nemi rana ɗaya da za ka ɗora dukan laifin a kanta, ba za ka samu ba. A warwatse ya ke bisa hanya, nan kaɗan, can kaɗan, ranar da ya fara ɓoyewa, ranar da ya fara ƙarya a kan kuɗi, ranar da mahaifiyarsa ta tambaye shi ya rantse. Wani kashi kuma ba nasa ba ne sam. Annabi Habakuk, a sura 2 aya 15, ya la'anci mai shayar da maƙwabcinsa domin ya ci moriyar faɗuwarsa. Wanda ya miƙa wa yaro ƙwaya domin ya ƙara masa buhun ƙasa, da mai rumfar da ya karɓi kuɗin keken ɗinki ya san inda suka fito, ba su zo zaman dattawa ba, amma sunansu yana cikin ƙarar.

Ga dattijo mai jinya kuma na ce, ciwo ne, gaskiya, amma wani irin ciwo ne wanda nufin majinyaci da zaman da ya ke ciki suna da hannu cikin warkewarsa. Zazzaɓi ba ya sauka domin an sāke wa mutum abokai. Wannan kuwa ya kan sauka. Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka komo daga Biyetnam a 1971. Wajen ɗaya cikin biyar sun kamu da hiroyin a can, amma cikin waɗanda suka kamu, wajen kashi 5 cikin 100 kaɗai suka sāke kamuwa a shekararsu ta fari a gida. Ƙwaƙwalwar da ta koyi bauta tana iya koyon wani abu, ko da ya ke a hankali, da tuntuɓe. In muka ce wa yaron ba shi da hannu ko kaɗan, mun yi masa ƙarya mai kama da tausayi, mun kuma ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa.

Mene ne ya rage masa? A ganina amsar tana cikin dokar san nan. Ba a umurci mai sa ya sāke halin sansa ba, an umurce shi ya ɗaure shi. Da magariba, in ƙashi ya fara ciwo, ga kuɗi a aljihu, ga rumfa a kan hanya, ikon yaron ƙanƙane ne ƙwarai, ba na kuwa so in yi masa alkawarin da jikinsa zai ƙaryata. Amma da hantsi yana da iko. Da hantsi yana iya faɗin gaskiya, ya miƙa kuɗinsa ga kawunsa, ya sāke hanyar komowa gida, ya bi wani zuwa wurin likita. Alhakinsa bai ɓace ba, ya ƙaura ne daga magariba zuwa hantsi. Kamewa, wadda Bulus ya sa a ƙarshen 'ya'yan Ruhu cikin Galatiyawa 5, ga irin wannan mutum ta kan fara da miƙa igiyar ga hannun wani.

Abu biyu zan gargaɗi masu bi a kansu. Na fari, kada tsoron ƙwaya ya sa mu hana mai azaba magani. Ubangiji Yesu ya ƙi ruwan anab mai mur a bakin gicciye, Markus 15:23, amma wannan ƙoƙonsa ne shi kaɗai. Misalai 31:6 ya yarda a sauƙaƙa wa mai bakin mutuwa. Mofin a hannun likita domin mai ciwon daji alheri ne. Na biyu, mari da bulala ba su buɗe ƙofofin da suka rufe. A Satumba 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kada wani ya ce wannan aikin waɗansu ne, gama rahoton Human Rights Watch na Nuwamba 2019 ya sami sarƙa a gidajen addu'a na Kirista ma. Wanda ya daɗe yana shan giya mai ƙarfi, in aka kulle shi aka yanke masa farat ɗaya, yana iya fāɗuwa da jijjiga da gigita cikin kwana biyu ko uku, har ya mutu. Wanda kuma ya bar tiramadol wata guda, in ya koma ya sha adadin da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Akwai likitocin wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai kuma a Vom. A yi addu'a, a kuma kai shi.

Dattawa suka zauna har dare. Abin da suka yanke bai gamshi tsohon soja sarai ba, bai kuma gamshi mai jinya ba. Yaron zai tsaya gabansu da gaban mahaifiyarsa da ƙanwarsa ya faɗi abin da ya yi, ba tare da ya ambaci ƙwaya ba. Zai biya keken ɗinki da guminsa, kuɗin aikinsa kuwa a hannun kawunsa za su riƙa sauka. Zai dakata daga Jibin Ubangiji har wani lokaci, amma ba a mai da shi kujerar baya ba. Tsohon sojan da kansa ya ce a zaunar da shi kusa da shi, domin ya ga idonsa kowace Lahadi. Mai jinya ya ɗauki kai shi asibiti. Da aka kira yaron, sau biyu ya fara da cewa ƙwaya ce, sau biyu aka tsai da shi. A na uku ya ce, "Ni na ɗauka. Ni na mare ta."

Kashegari na tafi gidan gwauruwar. Na ce, "Mama, ɗanki ne ya yi. Ba dukan laifin ke nasa ba, ba kuwa da cikakken hankalinsa ya yi ba, amma shi ne." Na yi tsammani za ta yi kuka. Sai ta ce, "To, madalla. Ashe yana nan."

Wata bakwai ke nan. Ya koma ga ƙwaya sau biyu, na biyun shi ya zo ya faɗa wa kawunsa kafin a tambaye shi. Ya bar ramin kuza, yana ɗaukar kaya a kasuwar Farin Gada, an biya fiye da rabin kuɗin keken. Ƙanwarsa tana kai masa abinci, amma har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa, dattawa kuwa sun ce kada kowa ya matsa mata.